Kafin A Busa Usur

(Kiɗan buɗe shiri, sai ya lafa a hankali)

Ina gaishe da mutanen Yelwa da Zamare da Tondi da Gungun Sarki, da na Wara da Libata da Utono da Bin Yauri a ƙasar Ngaski, da na Shanga da Dugu Tsoho da Gebbe. Masu gyaran taru a bakin ruwa, da iyayenmu mata da ke gaban banda hayaƙi na cika musu ido, sannunku da aiki. Malaman wasanni na makarantu, da masu horar da 'yan ƙwallon unguwa waɗanda yara ke kira koci, ku matso kusa da rediyo, rabin maganar yau taku ce.

Da an koma zango na biyu, hunturu ya fara ja da baya, sai makarantunmu su ɗauki haramar inta-hawus. A raba yara gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya, a share fili, a ja layi da toka, a aika wa manyan gari takardar gayyata. A unguwanni gasar ƙwallo ba ta yankewa, yau kofin ɗan majalisa, gobe na shugaban ƙaramar hukuma. Bayan kaka ga kokawa da dambe da langa a dandali. Mu nan kuma Allah Ya ƙara mana da ruwa: tseren kwalekwale da ninƙaya da kurme, waɗanda in lokacin Rigata ya zo ƙasar Yauri kan tattaru a bakin kogi don kallonsu. Duk wannan alheri ne, kuma ba ni cikin masu cewa wasa shiririta ce. Yaron da ke guje-guje ya fi cin abinci, ya fi barci mai nauyi, ya fi natsuwa a aji. Amma cikin duk wannan hidima, da kuɗin riga da na lemo da na hayar kujeru, wa ya kama hannun yaron nan ya dubi tafinsa? Wa ya tambaye shi ko ya taɓa yanke jiki ya faɗi yana cikin gudu?

Na san akwai dattijon da ke girgiza kai yanzu haka, yana cewa: haba Malam, yaron da ke tuƙa kwalekwale daga gungu har Yelwa, ya yi noma, ya sungumi buhun albasa, shi ne sai likita ya duba shi kafin ya buga ƙwallon roba? Baba, tambayarka tana kan hanya. Ka ba ni aron kunne.

A 1996 Najeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka. Kyaftin ɗinmu Nwankwo Kanu shi ya jefa ƙwallaye biyun ƙarshe da suka fitar da Brazil. Shekararsa 20, wanda duk ya gan shi a fili zai rantse lafiya ta ƙare a kansa. Ba a jima da dawowa ba likitocin sabuwar ƙungiyarsa, Inter Milan ta Italiya, suka duba shi, suka gano matsala a ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da ke buɗewa da rufewa a cikin zuciya. Aka yi masa aiki a birnin Cleveland, ya warke, ya koma fili, ya je Arsenal, a 1999 aka sake zaɓensa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Daga baya ya kafa gidauniyar da ke nema wa yara masu ciwon zuciya aiki. Shekara 7 kafin gwajin Kanu, ranar 12 ga Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana tsakiyar karawa da Angola, bai sake tashi ba. Shekararsa 25. Da aka bincika gawarsa sai aka tarar zuciyarsa ta ƙara girma. Haka Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa a 2003, shi ma naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da kima.

Waɗannan ba raunana ba ne, Baba. Ƙarfin damtse daban, lafiyar zuciya daban. Kuma akwai bambanci tsakanin aiki da gasa. Mai noma ko mai tuƙi da nasa awo yake aiki, in ya ji numfashi ya ɗauke sai ya dafa fartanya ko ya ɗora filafili a cinya ya huta. A gasa ana ihu, ana kiran sunan yaro, 'yan gidansu na tsalle a gefen fili, ga wanda ke binsa a baya. Ko ƙirjinsa na ce masa ya tsaya, ba zai tsaya ba. A nan ɓoyayyen ciwo ke fitowa.

Italiyar da ta gano ciwon Kanu ba da ka ta yi ba. Tun 1982 dokar ƙasar ta hana kowa shiga gasa sai likita ya duba shi, har da gwajin bugun zuciya da ake kira ECG. A yankin Veneto, inda aka bi lissafin shekara da shekaru, mutuwar farat ɗaya tsakanin matasa 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Amurka kuwa, duk da kuɗinta, ba ta wajabta wannan na'ura ga kowane yaro ba. Likitocin zuciya na can sun tsara abubuwa 14 da za a bi, kuma mafi yawansu tambayoyi ne da ake yi wa yaro da iyayensa, sauran kuwa sauraron ƙirji ne da awon jini da duban jiki. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce ai mu ba mu da na'ura. Baki da kunne da hannu muna da su a kowane asibitin sha-ka-tafi.

Sai dai in na tsaya kan zuciyar manyan 'yan wasa na yaudare ku. Irin ciwonsu Foe yana nan, amma ba shi da yawa. Abin da ya fi raunana yaranmu a bakin wannan tafki na Kainji abubuwa ne da muke gani kullum har idonmu ya saba, muka daina kiransu ciwo.

Ku ɗauki tsargiya. A ƙauyukan bakin ruwa yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ba abin da zai gaya wa uwarsa ba ne, don abokansa duka haka suke. Har akwai masu cewa alamar girma ce, yaro ya fara zama namiji. Ba girma ba ne, tsutsa ce. Tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, kogin da ke gudu ya zama shimfiɗaɗɗen ruwa kwance mai ciyayi a gefe, irin wurin da ƙananan dodon-koɗi na ruwa ke so. A jikinsu ƙwayar cutar ke renuwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko wanki ko mai jan taru ba tare da ya ji ba. Ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai, ƙwan nan su ke yaga bangon mafitsara jini ya fita. Wani irin nata kuma hanji yake nufa, ya kumbura hanta da saifa. Ɗigo-ɗigo ne, amma ɗigon wata da watanni.

Sai zazzaɓin cizon sauro ya zo ya ɗora nasa. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kebbi, kashi 49 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin a jininsu. Babu jihar da ta kai mu, Legas kashi 2 ne kawai. Waɗannan yaran ne ke girma su shiga firamare su sa rigar ja ko kore. Zazzaɓi yana farfasa ƙwayoyin jini, tsargiya tana zubar da shi, tsutsar ciki na shan nata rabo. Ƙarshenta yaro yana yawo da jinin da bai ishe shi ba. Jini shi ke kai iska ga tsoka, in ya yi ƙaranci dole zuciya ta ninka bugu don cike giɓi. Ka sa irin wannan yaro tseren mita 1500 da rana tsaka, kamar jirgi ne aka yi wa lodin albasa fiye da kima aka kuma ce ya haura gaba da ruwa. Shi ne yaron da malami ke yi wa tsawa, rago, tashi ka ƙarasa. Malam, kafin ka kira shi rago, ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba. In ka ga fari fat a inda ya kamata ka ga ja, ko tafin hannunsa ya koɗe, asibiti ya kamata ya nufa.

Abin daɗin shi ne maganin ba wuya. Gwajin fitsari da ɗigon jini daga yatsa sun isa a gane. Maganin tsargiya, firazikwantal, sau ɗaya ake sha, kuma shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke rabawa kyauta a makarantu, su tsayar da yaro jikin sanda su auna tsawonsa su ba shi daidai da shi. Iyaye, ranar da aka ce za a raba, kada ku ɓoye yara a gida. Ku ba su abinci su ƙoshi tukuna, don a cikin da ba komai yana sa jiri da tashin zuciya, wanda shi ne ya ɓata masa suna a wasu garuruwa. Kuma ba a sha sau ɗaya a ce an gama har abada, tunda yaro zai koma ruwan nan gobe.

Na ambaci saifa, bari in ɗan tsaya a kanta, don 'yan kokawa da 'yan dambe da masu tsaron gida. Saifa tana can ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ƙashi ya rufe ta. Yawan zazzaɓi da tsargiyar hanji kan kumbura ta har ta leƙo ƙasa da haƙarƙari, inda ba abin da ya kare ta sai fatar ciki. Gwiwa ɗaya a wurin, ko ƙwallo mai ƙarfi, ko faɗuwa a kokawa, tana iya fashewa. Jinin kuma ciki yake zuba, ba wanda zai gani. Yaro zai tashi ya kakkaɓe jikinsa, can an jima ya ce cikinsa na ciwo ta hagu, wani lokaci har kafaɗar hagu, ya fara gumi mai sanyi, jiri na ɗibarsa. Wannan ba na ruwan zafi da man shafawa ba ne, na tiyata ne cikin gaggawa. Alhali ma'aikacin lafiya da ya kwantar da yaron ya danna cikinsa, cikin minti ɗaya zai ji saifar a hannunsa, ya ce a dakata da wasan gwabzawa har ta saɓe.

Akwai kuma ciwon zuciyar da yake namu na talakawa, kuma daga maƙogwaro yake farawa. Yaro tsakanin shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, haɗiya na yi masa wuya. A gida sai a ce beli ne ya sauko, a kai shi a cire. Ina girmama wanzamanmu, sana'arsu gado ce, amma aska ba ta kashe ƙwayar cutar da ke haddasa wani nau'in ciwon wuyan nan. Bayan mako 2 ko 3 sai gaɓoɓi su kama ciwo, yau gwiwa, jibi idon sawu, gata gwiwar hannu, ciwon na yawo. A ce sanyi ne, a shafa magani, ya wuce. A ɓoye kuwa ya taɓa ƙofofin zuciya, kuma duk dawowar da ya yi sai ya ƙara lalata su. Shekaru kaɗan sai ga saurayi ko budurwa da ba sa iya hawa gangaren bakin kogi sai sun tsaya, ƙafa na kumbura, ba sa iya kwanciya sai da matashi biyu. Likita ko ƙwararren ma'aikaci in ya ɗora abin sauraro a ƙirji yakan ji wani huci tsakanin bugu da bugu tun kafin a kai ga haka. In an gano da wuri, allurar fenisilin duk bayan mako 3 ko 4 tana tsayar da ɓarnar. Shi kuwa ciwon wuyan tun farko, maganin asibiti na kwanaki kaɗan ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tafe da batun duba lafiyar yara kafin su shiga wasa.

Sikila kowa ya san ta yanzu, saboda gwajin da ake yi kafin aure. Abin mamaki, mutum zai san rukunin jinin matar da zai aura amma bai san na ɗan da ya haifa ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne. A ji ni da kyau: AS ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin hana yaro wasa ba ne, akwai zakaru da yawa masu shi. Hatsarinsa ba ya tasowa sai abubuwa sun haɗu: gudu na fitar rai ba hutawa, zafin rana, da ƙishirwa. Shi ya sa tun 2010 manyan jami'o'in Amurka ke neman sanin matsayin 'yan wasansu, don mai horarwa ya san wanda zai bari ya huta in ya ce ƙafafunsa sun mutu. Mai SS kuwa ba a kulle shi a ɗaki a ce kada ya motsa. Ya yi wasa daidai ƙarfinsa, ya sha ruwa sosai, ya tsaya da zarar ya gaji, kuma ya guji daɗewa cikin ruwan sanyi, musamman da hunturu, don sanyi na tayar da ciwon. Gasa mai tsanani sai da yardar likitansa.

Yanzu ga wadda ta fi yi mini nauyi, farfaɗiya. A garin tudu, mai farfaɗiya in ta taso masa zai faɗi a ƙasa ya farfaɗo. A garin ruwa, in ta same shi yana iyo ko yana tsaye a bakin kwalekwale, ko shi ne sarkin ninƙaya ba abin da zai iya. Iyaye kuma ɓoyewa suke yi, don gudun a ce gidan wane akwai abin nan, a ƙi auren 'ya'yansu. Sai yaro ya shiga tseren ruwa ba wanda ya sani sai uwarsa da ke gida gabanta na faɗuwa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki, kuma akwai ƙwayoyin da ke hana ta tashi in ana sha kullum. Mai ita zai iya ƙwallo da gudu da langa. Ruwa ne dai ba zai shiga shi kaɗai ba, sai da babba a kusa wanda ya san halinsa, kuma a jirgi rigar kariya ba ta barin jikinsa.

Haka yaron da ya taɓa suma yana tsakiyar gudu. Mun saba cewa iska ce ta buge shi, a yi tofi, a ba shi rubutu. A yi addu'a, ba mai hanawa, addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna. Amma suma a cikin motsa jiki, ba bayan an gama an tsaya ba, ita ce babbar ƙararrawar da zuciya ke kaɗawa. Wanda ya yi haka ko sau ɗaya ba zai koma fili ba sai likita ya gan shi.

To yaya dubawar take? Minti 10 zuwa 15 ne ga kowane yaro, kuma rabinsa hira ce. Shi ya sa aika yaro shi kaɗai da kati a hannu bai wadatar ba, a samu uwa ko uba ko kakar da ta rene shi. Za a tambaya: ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji in yana gudu? Yana riga sa'o'insa gajiya? Yana tari ko numfashinsa na fito in ƙurar hunturu ta taso? Ya taɓa shawara, an taɓa ƙara masa jini? Sannan tambayar da iyaye kawai ke da amsarta: a dangi akwai wanda ya rasu farat ɗaya bai kai shekara 50 ba? A nan ku yi tunani da kyau. Ƙanen uban da aka ce ya kwanta lafiya aka wayi gari babu shi. Ko gwanin ruwan da kowa ya san kifi ne, amma ya nitse a inda ruwa bai fi ƙirji ba, aka ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Wasu cututtukan zuciya gado ne, kuma irin wannan labari shi ke sa likita ya ce a yi wa yaro ƙarin gwaji. Bayan hira a auna nauyi da tsawo da hawan jini, a saurari ƙirji, a danna ciki, a duba ko akwai gwaiwa, a duba ido da gaɓoɓi da tsohon targaɗe, a ga fitsari da jini. 'Yan mata a samar musu ma'aikaciya mace, don akwai abin da budurwa ba za ta faɗa wa namiji ba, kamar yawan zubar jinin al'ada, wanda shi ma kan ƙarar da jini.

Mafi yawan yara za a ce su je su yi wasansu. Wasu a ba su magani a ce su dawo bayan makonni. Kaɗan ne za a tura Babban Asibitin Yauri, daga can in ta kama a bi hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda ake hoton zuciya. Wanda aka tura kada iyayensa su ɗauka an yanke masa hukunci. Zuciyar matashi baƙar fata mai yawan motsa jiki takan nuna wasu alamu a takardar ECG da ke kama da ciwo alhali lafiya ce, sai gwani ke bambancewa.

Ga inda nake da ƙorafi. Akwai takardar shaidar lafiya da wasu makarantu ke nema, kuma kowa ya san yadda wasu ke samunta: a ba da ɗan abu, a buga hatimi, yaron ma yana gida. Wannan takarda ta fi rashinta illa, don tana sa malami ya saki jiki. Hedimasta, abin da ya fi sauƙi shi ne ka zauna da ƙungiyar iyaye da malamai da mai kula da asibitin mazaɓarku, a sa rana ma'aikaci ya zo makaranta, wata guda ko fiye kafin inta-hawus, ba ana gobe ba, don wanda aka ba magani ya samu lokacin murmurewa. Kuɗin da ake kashewa a hayar rumfa da lasifika, a tsakuro kaɗan a sayi kayan gwajin. Masu sa kofi kuma, 'yan siyasa da attajirai, ku da kuke son a kira sunanku a lasifika, ku sa sharaɗi: ƙungiyar da ba a duba 'yan wasanta ba ba ta shiga. Rana ɗaya za a bi.

Akwai kuma abin da ba gwajin da zai kama shi, sai idon koci a ranar wasa. Yaron da ke da zazzaɓi ba ya buga wasa, ko shi ne mai cin ƙwallon ƙungiya, ko wasan ƙarshe ne. A haɗiya farasitamol a shiga fili ganganci ne, don wasu zazzaɓin na taɓa naman zuciya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Yelwa kan haura digiri 40, amma sai ka ga an tsayar da yara a rana tun hantsi ana jiran babban baƙo, sai ya iso da azahar a fara tseren dogon zango. A yi dogon gudu da sassafe, baƙo ya tarar da sauran. A ajiye ruwa a bakin fili, kuma a bar tsohuwar maganar nan cewa shan ruwa na sa ciki ya yi nauyi. Yaron da ya fara tangaɗi ko surutai marasa kan gado a zafi, a kai shi inuwa a yi ta kwara masa ruwa a jiki ana fifita, a nemi abin hawa. Wanda ya bugu a ka, a dambe ko a karo wajen sa kai, ya rikice ko ya yi amai, wasansa ya ƙare a ranar ko da ya rantse ya warke. Sai tiramol da sauran ƙwayoyin da samari ke haɗiya wai don kada su gaji. Tiramol kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, kuma yana toshe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum. Kocin da ya gani ya kau da kai, da hannunsa a ciki.

Duk da haka wani zai iya faɗuwa bayan an yi duk abin da ya kamata. Christian Eriksen na Denmark ba irin gwajin da ba a yi masa ba, amma ranar 12 ga Yuni 2021 zuciyarsa ta tsaya a fili ana wasa da Finland. Nan take aka hau danna ƙirjinsa, aka sa masa na'urar da ke tayar da zuciya, ya rayu, bayan watanni ya koma ƙwallo. A gida kuwa, ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, ya rasu, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna taimakon gaggawa a filin bai wadata ba. Mintunan farko su ne komai, kuma a filayenmu ba likita ke kusa ba, ku ne.

Don haka ku riƙe wannan. Yaro ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ka kira sunansa ka girgiza kafaɗarsa bai amsa ba, kuma ba ya numfashi, ko yana wani jan numfashi jefi-jefi kamar minshari, ka ɗauka zuciya ce ta tsaya. Ko da ya ɗan yi fizge-fizge, kada wannan ya ruɗe ka. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, ba a tsaya neman albasa, ba a taru a kansa ana salati kawai. Mutum ɗaya ya ruga neman mota. Kai kuma ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, in ƙaramin yaro ne hannu ɗaya ya isa. Ka miƙe gwiwar hannu ka danna da ƙarfi, ƙirjin ya shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ka saki ya dawo, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. Kada tsoron karya haƙarƙari ya hana ka, ƙashi yana ɗoruwa. In ka gaji wani ya karɓa, kuma ko a cikin mota ba a dainawa har a isa asibiti ko ya farfaɗo.

Wanda aka tsamo daga ruwa kuwa, iska ce ta fara yanke masa. Kada a ɗaga shi ƙafa sama kai ƙasa, kada a tattaka cikinsa wai ruwa ya fito, lokaci kawai ake ɓatawa. A kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa numfashi ta baki sau 5 ana kallon ƙirjinsa na tashi, sannan a shiga dannawa: danna 30, huri 2, danna 30, huri 2. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake ji, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i. Sarakunan ruwa da shugabannin masu jirgi, ku roƙi ma'aikatan asibitin da ke kusa da ku su zo su nuna wa matasanku wannan da hannu, don ji a rediyo bai kai gwadawa ba.

Lokaci ya cimma mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna kan tsargiya ita kaɗai, har da yadda take shafar mata, wanda ba a cika maganarsa ba.

(Kiɗan rufe shiri)